Yadda Za Ka Raba Shingenka da Sembukan Kafin Surukai Su Iso

Kai da tsiron sembukan ya cinye wa shinge, ya haye bishiyar mangwaro, yanzu kuma yake leƙen tagar ɗakinka, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Sunana Kasidi. A wannan ƙauye namu na kudancin Klaten aka haife ni, kuma tun ina ƙarami nake kallon mutane suna kokawa da wannan tsiro. Kallo na ce, don ni ban taɓa sa hannu ba, shi ya sa har gobe bayana bai ƙage ba, kaina kuma garau yake don ba da shawara.

Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan bi da bi, ko ganye ɗaya ba zai rage a gidanka ba. An gwada su a kan maƙwabcina Pak Tumiran (Pak a wurinmu kamar Malam ne ko Baba), sun kuma yi aiki fiye da yadda shi kansa ya so.

Mataki na ɗaya: Samo dalili

Babu mai hankalin da zai wayi gari haka kawai ya ce zai yaƙi sembukan. Sai da dalili, kuma dalilin ya zama wanda zai hana ka barci.

Pak Tumiran ya shekara da shekaru suna zaman lafiya da nasa. Shingen gorar gidansa ma tuni ya ruɓe, sembukan ɗin ne ya riƙe shi a tsaye. Sai 'yarsa tilo, Lastri, wadda ke aiki a gidan burodi a birnin Solo, ta zo gida da labarin cewa wani saurayi mai suna Danang zai turo manyansa neman aurenta. Tana sonsa ƙwarai, duk wanda ya ga yadda take ambaton sunansa ya san haka. Matsalar ɗaya ce: mutanen Solo ne. Ka san su. Mutum zai taka musu ƙafa, su ba shi haƙuri. In abu bai yi musu ba, ba za su taɓa faɗa ba, sai dai su yi murmushi su tafi, ka shekara kana jiran amsa.

Lastri ba ta nemi wani abu mai yawa ba. Cewa ta yi, "Pak, a ɗan rage wa shingen nan gashi mana kafin su zo."

"Ragewa?" in ji Tumiran. "Nduk, 'yata, ranar da za su zo, ko mai duba da tocila ba zai ga ganyensa a gidan nan ba."

In ka ji bakinka ya furta irin wannan magana, to ka gama mataki na ɗaya.

Mataki na biyu: Tabbatar shi ne

Kada ka je ka sare waken matarka ka ce ni na sa ka. Duba da kyau. Karan sembukan siriri ne kamar igiyar ɗaure buhu, ba shi da ƙaya, nannaɗewa yake yi a jikin duk abin da ya tsaya wuri ɗaya. Ganyensa biyu-biyu suke fitowa a kowace gaɓa, suna fuskantar juna, masu ɗan tsawo da tsini a baki. Furensa ƙanana ne, fari-fari daga waje, cikinsu ja mai duhu, kyawawa har ka ji tausayinsa. Kada ka ji. 'Ya'yansa kamar ƙwayar masoro, tsuntsaye na sonsu, su ne ma ke raba shi gida-gida kyauta.

In har yanzu kana shakka, tsinki ganye ɗaya ka murje shi da yatsu, ka kai hanci. Abin da za ka ji, mu manya ne, a faɗe shi da sunansa: tusa ce. Ba kuma ta yaro ba, ta dattijon da ya ci dafaffen ƙwai da rogo ya kwanta.

Shawarar masana: yi wannan gwaji kai kaɗai, ko kusa da akuya, don a samu wanda za a ɗora wa.

Mataki na uku: Kada ka saurari matarka

Wannan matakin yana da muhimmanci, domin za ta zo da magana mai ma'ana, ita kuwa magana mai ma'ana tana kashe wa namiji gwiwa.

Bu Warsi, matar Tumiran, ta fito daga madafa tana goge hannu, ta tarar da shi yana wasa adda.

"Pak, ka bar mini na kusurwar can ta bayan rijiya."

"Ko ɗaya."

"To ranar da cikinka ya kumbura kana juyi a tabarma kana kiran sunana fa? Da me zan yi maka botok?"

Gaskiyarta, amma kada ka nuna ka sani. Duk ƙauyen nan babu wanda bai san botok ɗin sembukan ba. A yanka ganyen, a haɗa da gogaggiyar kwakwa da ƙananan kifi da barkono, a ƙunshe a ganyen ayaba a turara. Warin nan duk ya gudu, sai daɗi, kuma kumburin ciki ko na kwana nawa ne sai ya sauka. Maza suna zaginsa a bakin shinge, suna neman ƙari a kan tabarma.

"Cikina lafiyarsa lau," in ji Tumiran. "Surukai 'yan birni za su zo su tarar muna noman wari? Ki bar ni da aikina, Bu."

Ta dube shi, ta dube ni a barandata, ta ce, "Ku biyun nan dai." Ta koma ciki. Ban san me ya sa ta haɗa da ni ba.

Mataki na huɗu: Bi saiwa, kada ka bi ganye

Nan ne ragwaye suke faɗuwa. Su sare na sama, su share gumi, su ce sun gama. Ruwa na sauka sau ɗaya, ya dawo da 'yan uwansa.

Sembukan yana da wayo. Duk inda gaɓarsa ta taɓa ƙasa, sai ta yi saiwa a wurin. Saboda haka yanke shi daga gindi tukuna, ka bar na saman bishiya ya bushe da kansa, kada ka ja ka karya wa mangwaronka reshe. Sannan ka durƙusa, ka kama karan da ke rarrafe a ƙasa, ka bi shi da fartanya gaɓa bayan gaɓa, kana tono kowace saiwa. Kada ka yar da ko guntu a ƙasa mai laima, dasawa ka yi. Shanya saiwoyin a kan kwanon rufi su bushe ƙayau, sannan ka ƙone su.

Haka Tumiran ya yi, Allah ya sani. Ya yi rarrafe a gidan nan har gwiwoyinsa suka yi kanta. Ya bi saiwa ta ƙarƙashin kejin kaji, ya bi ta bayan rijiya, ya bi wata har cikin garken awaki. Ni kuma ina zaune a baranda da shayina, ina nuna masa inda ya tsallake, domin aiki irin wannan yana bukatar mai hangen nesa.

Wata rana da hantsi ya ɗago kai daga gindin shingen da ya raba mu.

"Pak Kasidi, wannan babbar jijiyar kamar gidanka ta nufa fa."

"Idonka ne, rana ta yi maka yawa. Datse ta daidai kan iyaka, kada ka shiga haƙƙin maƙwabci."

Ya datse. Ya kuma haƙa rami ya kafa tsohon kwano a tsaye a wurin, ko tsutsa ba za ta ratsa ba. Tunda nake ban taɓa ganin an yi wa sembukan irin wannan kisan ba. Har ya sake sabon shingen gora, fes, kamar na ofishin dagaci.

Mataki na biyar: Ɓatar da gawar

Yanzu ga ka da tulin kara da ɗanyen ganye, ya kai ƙugu. Ba ya cin wuta, awaki sun ƙi shi, baƙi kuma yau za su zo. Tulin Tumiran yana daidai ƙarƙashin tagar falo, don nan ne kawai ke da fili.

A nan gwaninta take aiki. Ina da injin yanke ciyawa irin na ratayawa a kafaɗa, na ara masa da zuciya ɗaya. Na ce ya bi ta kan tulin ya niƙe shi, ya baje a gindin taga, baƙi za su ɗauka taki ne na furanni.

Ya niƙe shi lilis.

Ka tuna abin da ganye ɗaya ya yi wa yatsunka a mataki na biyu? To lissafa da tuli guda, ka ƙara da zafin rana. Kajin gidan da kansu suka koma gidana. Amma Allah ya yi hanci da tausayi: in ya sha wuya sosai sai ya daina kai rahoto. Kafin Tumiran ya kashe injin, shi ba ya jin komai. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta batik mai dogon hannu, ya kafa hula, ya tsaya a ƙofa yana sha'awar shingensa.

Lastri da uwarta tun asuba suna can baya cikin hayaƙin suyar albasa. Sai da Lastri ta fito da faranti za ta jera a falo, ta tsaya cak.

"Pak, me ka yi?"

"Na cika alkawari, Nduk."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga ƙarar mota a ƙofar gida.

Mataki na shida: Karɓi baƙi kamar ba abin da ya faru

Wannan ba zai yi maka wuya ba, tunda a saninka ba abin da ya faru.

An gayyace ni a matsayin dattijon maƙwabci, don haka da idona na gani. Su huɗu suka shigo: Danang, da mahaifinsa Pak Suroto, da mahaifiyarsa, da kakarsa Mbah Sutinah, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da ake riƙe wa hannu. Aka gaisa, aka sunkuya, aka zauna. Aka ajiye wa kowa shayi mai zaƙi da soyayyar ayaba.

Ka san yadda abin yake a wurinmu. Baƙo ba ya taɓa shayi sai mai gida ya roƙe shi, ya sake roƙo. Amma masu neman aure in suka miƙe ba su kurɓa ba, ba sai an yi wa kowa bayani ba, magana ta mutu.

Iska ta kaɗo ta taga.

Na ga hancin Pak Suroto ya motsa, sannan ya tsaya, don an yi masa tarbiyya. Matarsa ta ciro hankici ta yi kamar tana share gumin leɓe, hankicin bai sake sauka ba. Kowa ya kafa ido a kan kofinsa. Ni ma haka, ba a san ni da katsalandan ba.

"Bismillah, a sha shayi," in ji Tumiran.

"Mun gode, mun gode," in ji su. Ba wanda ya miƙa hannu.

Pak Suroto ya gyara murya ya fara jawabin da ya haddace tun daga gida. Ya ce ɗansu ya bi ta wannan hanya ya hangi wani fure a lambun gidan nan, ƙamshinsa ya bi shi har Solo ya hana shi sukuni. Da ya zo kan kalmar ƙamshi sai muryarsa ta sarƙe, ya yi tari, idonsa ya kawo ruwa.

Abin da mu ba mu sani ba a lokacin, Mbah Sutinah ta daɗe tana fama da ciki, danginta duk sun san halin da ake ciki in an yi doguwar tafiya da ita a mota. Saboda haka ko kusa ba su zargi gidan ba. Tsohuwarsu suka zarga. Pak Suroto ya saci kallonta. Matarsa ta saci kallonta. Danang ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja. Kunya ta kama su, a ganinsu sun zo gidan mutane sun ɓata musu falo a ranar farko, ba abin da suke so irin su ga sun fita.

Tumiran kuwa, da ba ya jin komai, fuskokinsu kawai yake karantawa. Ya ga hankici a hanci, ya ga ba a taɓa shayi ba, ya ga saurayi ya kasa ɗaga ido. Sai ya ɗauka gidansa suka raina, da kujerunsa na gora, da shi kansa. Na ga ya dafe gwiwar nan mai kanta ya sadda kai. Wallahi ya ba ni tausayi. Lastri tana tsaye bayan labule, ina hango yatsun ƙafarta, ta ƙanƙame su.

"To," in ji Pak Suroto, yana dafa hannun kujera, "dama ba za mu daɗe ba, hanya da nisa. Sauran magana sai a hankali."

Ya fara miƙewa. Shayi na nan cike a kofuna.

Sai Mbah Sutinah ta buga sandarta a ƙasa.

"Zauna, Suroto. Ku kuma ku daina satar kallona. Ba ni ba ce."

Pak Suroto ya koma ya zauna.

"Tun ɗazu kuke harara ta ta gefen ido kamar na saci kaza. Nawa na san shi, ba haka yake ba. Wannan sembukan ne, ko a kabari aka kawo mini shi zan gane." Ta ja numfashi mai tsawo, ta lumshe ido, mu duka muna kallonta. "Gidan ubana haka yake wari duk ranar da aka yi sharar shinge. Rabona da shi tun da aka kai ni birni. Na aika kasuwa an ce babu, na tambayi jikokina sun ce ƙazanta ce, suna ta ɗura mini ƙwayoyi." Ta juya wajen labule. "Ke mai ɓuya, fito in gan ki. Kin iya botok?"

Lastri ta fito, ta durƙusa a gabanta. "Na iya, Mbah. Da ƙananan kifi ko da waken soya?"

"Ji yarinya mai hankali, har tana tambaya. Da kifi."

Tsohuwa ta ɗauki kofinta ta kurɓa, da ƙara kuwa. Sauran suka bi bayanta da sauri kamar an sake su daga ɗauri. Kafin ayaba ta ƙare an tsayar da watan biki.

Mataki na bakwai: Yi alkawari da ƙarfin gwiwa

Da za su tafi, Mbah Sutinah ta riƙe hannun Tumiran ta ce tana son ɗanyen ganye a kai a kai, kuma na gidan nan take so, don ta ji warinsa mai kyau ne, ƙasar ta karɓe shi.

Namiji ba ya cewa babu a gaban surukai.

"Mbah, ai mu nan sai dai mu ba wasu," in ji shi.

Mota ta tashi. Bu Warsi ta tsaya a ƙofa ta harɗe hannu tana kallon sabon shinge, tsirara, ko tsinke babu a jikinsa.

"To mai ba wasu," ta ce, "sai ka nuna mini inda zan tsinko."

Ya zagaya bayan rijiya, ya leƙa ƙarƙashin keji, ya jira ruwan sama ya sauka ya sake zagayawa. Ko tsiro. Na ce maka matakan nan suna aiki.

Mataki na takwas: Je wurin maƙwabcinka

Wata safiya na ga Tumiran tsaye a bakin shinge, yana murza hula a hannu.

"Pak Kasidi, jijiyar nan da na ce kamar gidanka ta nufa."

"Wadda idonka ya nuna maka?"

"Ita. Ko idon nawa zai iya samun ɗan reshe?"

Na kai shi bayan madafarmu, inda uwar sembukan ɗin unguwar nan take zaune tun zamanin surukata, gindinta ya kai kaurin hannu. Matata ce ke kula da ita, ni ban san komai a kai ba. Ya daɗe yana kallonta, ya dube ni, ya yi murmushi kawai, don shi ma an yi masa tarbiyya. Na yanko masa reshe mai gaɓa uku.

Da hannunsa ya tone kwanon da ya kafa. Ya dasa reshen a gindin sabon shinge, ya kewaye shi da ƙaya saboda awakin da ko kallonsa ba sa yi.

An yi biki, Lastri ta tare a Solo. Gidan ya yi wa Tumiran faɗi. Ba ya faɗa, amma kewarta ta kama shi sosai, mutumin da ke cika unguwa da surutu sai ya koma zama shiru a baranda. Aure kuwa ka san yadda yake, 'ya ta tafi sai sallah, in an yi sa'a.

Sai dai cikin Mbah Sutinah bai san sallah ba. Ganye na ƙarewa take tayar da jikanta, ya ɗauko matarsa a babur su taho. Lastri ta sauka da kwandonta, ta sumbaci hannun ubanta, ta tsinki ganye, ta zauna ta ci abincin uwarta, wani lokaci har su kwana. Tumiran bai yi karatu mai zurfi ba, amma wannan lissafin bai gagare shi ba: muddin akwai ganye a shinge, 'yarsa za ta zo gida.

Shi ya sa za ka gan shi yana ba sembukan ruwa ko da an kwana ana ruwan sama. Yanzu tsiron ya rufe shingen, ya tsallako gidana, ya kama bishiyar mangwarona. Kwanan baya na ɗauko adda zan rage masa gashi. Tumiran ya taso daga baranda, ya zo ya tsaya ya kafa mini ido. Na mayar da addar inda na ɗauko ta.

Sanarwa

Mai wannan shawara ba shi da alhakin ciwon gwiwa, ko gudun kaji, ko harara daga matar aure, ko duk wani abin da hancin baƙo ya ji a gidanka. Injin da aka ara, a dawo da shi a wanke. Wanda ya bi matakan nan sembukan ɗinsa ya mutu, shi ya so. Wanda ya bi bai mutu ba, ya bincika bayan madafar maƙwabcinsa, ban da nawa. Wanda kuma aikinsa ya yi kyau har ya dawo neman reshe, ƙofata a buɗe take, amma ya fara tambayar matarsa wace kusurwa ta ce a bar mata.